Wa Ke Da Ikon Sa Hannu? Darasi Kan Izinin Tiyata Da Ran Mai Naƙuda

 

'Yar'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan wata 'yar takarda yake, wadda sau da yawa ba ta wuce shafi ɗaya ba. Da yawanmu ba mu taɓa karanta ta ba, wasu ma ba su san da ita ba sai ranar da aka miƙo ta, amma an sha rasa rai ana jiran wanda zai sa mata hannu. Ina nufin takardar amincewa da ake cikewa kafin a shiga da mutum ɗakin tiyata.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Shekarun baya na kwana jinyar wata ƙanwata a ɗakin haihuwa na wani asibiti. Wajen ƙarfe sha ɗaya na dare aka kawo wata baiwar Allah daga ƙauye, ba za ta wuce shekara 22 ba, kwananta biyu a kan gwiwa. Likita ya duba ya ce kan ɗan ba zai wuce ba, sai an yi aiki, kuma yanzu-yanzu. Aka kawo takarda. Uwar mijin ta janye hannunta ta ce ɗanta bai ba ta wannan iko ba. Ƙanin mijin ya ce shi rakiya ya yo. Mijin yana kudu wajen neman abinci, wayarsa ba ta shiga. Ita kuwa mai naƙudar tana kwance cikin hankalinta, tana jin duk abin da ake faɗa, amma ba wanda ya juya ya ce mata, "Ke me kika ce?" Ita ma bai zo mata a rai cewa tana da ta cewa ba. Sai bayan asuba aka samu mijin, abin da ya fara faɗa shi ne, "Don Allah a yi mata mana, me ake jira?" An yi aikin, Allah Ya yi da sauran kwananta, amma ɗan bai zo da rai ba.

Kin ga a cikin mutanen nan babu mugu ko ɗaya. Kowa tsoron ɗaukar alhaki yake yi, kuma kowa ya ɗauka maigida ne kaɗai ke da ikon cewa a yi. Wannan zato shi za mu ɗora a kan ma'aunin addini da na dokar ƙasa, mu ga ko yana da nauyi.

Mece ce wannan takarda?

Takardar shaida ce cewa an yi miki bayani kin fahimta, kuma kin yarda a taɓa jikinki. Mutane da yawa suna ɗauka cewa wanda ya sa hannu ya sallama ran majiyyaci ke nan, in an mutu shi ya jawo, likita kuma ya fita. Ba haka abin yake ba. Sa hannu ba ya wanke likitan da ya yi sakaci, kuma ba ya ɗora wa wanda ya sa alhakin ajalin kowa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta faɗi abin da ya wajaba a gaya miki. Sashe na 23 ya ce ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da lafiyarsa ke ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfanin kowace hanya da haɗarinta da kuɗinta, da kuma cewa yana da damar ya ƙi, tare da abin da ƙin zai haifar. Kuma ta ce a yi bayanin da harshen da mutum yake ji, a lura da iyakar karatunsa. Saboda haka in an miƙo miki takarda da Turanci aka ce "dangwala nan", kina da cikakken iko ki ce, "Malama, a karanta mini da Hausa tukuna." Ba rashin kunya kika yi ba, ba kuma raina aikinsu kika yi ba.

Jama'armu suna da dalilin ɗar-ɗar da takardun asibiti, bai kamata mu yi kamar ba mu sani ba. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin magani na Amurka mai suna Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta jawo haka, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Da aka zo ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Abin da za mu ɗauka a nan shi ne mu riƙa tambaya kafin mu yarda. Amma kada tsoron da ya samo asali daga wancan ya sa mu bar 'yar'uwa a kan gwiwa har gari ya waye.

Abin da malamai suka ce

Asalin wannan mas'ala yana cikin hadisin Nana A'isha (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito. A rashin lafiyar da Manzon Allah (SAW) ya yi wafati a cikinta, iyalansa sun ɗura masa magani ta gefen baki, alhali ya yi musu nuni da kada su yi. Suka ɗauka irin ƙin maganin nan ne da kowane mara lafiya ke yi. Da ya farfaɗo sai ya nuna rashin jin daɗinsa, ya ce duk wanda ke ɗakin a ɗura masa shi ma, ban da baffansa Abbas (RA) domin shi bai halarta ba. Ki duba fa, matansa ne da danginsa, kuma alheri suka nufa. Duk da haka bai yarda a yi wa jikinsa abin da bai amince ba. Daga nan malamai suka fahimci cewa baligi mai hankali shi ake tambaya a kan jikinsa, kuma ba su ware mace daga wannan hukunci ba.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta zauna a Jidda a 1992 ta yanke cewa sharaɗi ne a nemi izinin majiyyaci in yana da cikakken hankali. In ba shi da shi, kamar ƙaramin yaro ko mai taɓin hankali, sai a nemi izinin waliyyinsa, shi ma muddin abin da ya zaɓa maslahar majiyyacin ce. In waliyyi ya ƙi abin da ƙinsa cutarwa ce a fili, ba a bin maganarsa.

A shekarar 1413 bayan Hijira, wato 1992 ɗin dai, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta taɓo ainihin abin da muke magana a kai. Ta ce idan amintattun likitoci suka tabbatar lalura ta sa a yi wa mace aikin ciro ɗa, ko a cire mata mahaifa, to maganar da ake bi ita ce ta matar, ta yarda ko ta ƙi, matuƙar baliga ce mai hankali. Ba a sharɗanta yardar miji ko ta wani waliyyi ba, domin cutarwar a jikinta take, kuma ita ta fi kowa sanin halin da take ciki. Na san wasu za su yi mamaki, don an saba jin cewa irin wannan magana ta 'yan boko ce. To ga ta daga bakin malamai.

Dokar ƙasarmu ma a nan ta tsaya. Wanda ya kai shekara 18 kuma yana cikin hankalinsa, namiji ko mace, shi ke sa wa kansa hannu. To me ya sa a asibitocinmu ake cewa sai an kira miji? Gaskiyar magana, ma'aikata sun sha wuya. Wani za a ceci matarsa, gobe ya zo yana zage-zage yana cewa an yanka masa iyali ba da saninsa ba, wani ya ƙi biyan kuɗi, wata ma a sake ta a gadon asibiti. Shi ya sa suke neman hannun miji ko na dangi ya zama garkuwa gare su. Ana iya fahimtar uzurinsu, kuma in mijin yana nan ya sa hannu a matsayin shaida, madalla. Amma in ba ya nan, hannunki ya wadatar, kuma ya kamata ki iya buɗe baki ki faɗa.

To ina haƙƙin maigida?

Kada wata ta karanta wannan ta je gida ta ce an ce ba ruwan miji da lafiyarta. Ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Maigida shi ne shugaban gida, cikin da kike ɗauke da shi nasa ne, hankalinsa a kanki yake, kuma galibi shi zai nemo kuɗin. Neman izininsa kafin fita da shawara da shi a kan jinya suna cikin kyakkyawan zama da addini ya umarce mu da shi. Matar da likita ya ce za a yi mata aiki nan da mako biyu, ba ta da dalilin ɓoye wa mijinta ko yanke shawara ita kaɗai.

Akwai ma wurin da haƙƙinsa ya fi haka ƙarfi, wato abin da ya shafi haihuwa nan gaba. Majalisar Fiƙihun da muka ambata, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce tazarar haihuwa ta ɗan lokaci ta halatta idan akwai buƙata, bisa shawara da yardar miji da mata. Tsayar da haihuwa gaba ɗaya kuwa bai halatta ba sai da lalura. Saboda haka in ana shirin yi miki aiki aka kawo maganar ɗaure mahaifa, wannan magana ce daban, da yarda daban, kuma ta ku biyu ce. Ki tabbata kin san abin da aka rubuta a takardar. Wannan ba ɗaya yake da matar da mahaifarta ta fashe ko jini ya ƙi tsayawa ba, wadda in ba a cire mahaifar ba za a rasa ta. Ita tata lalura ce.

Inda gizo ke saƙa shi ne a mai da biyayya ta zama dalilin mutuwa. Shugabancin da Allah Ya ba miji na kulawa ne da kariya. Bai ba shi mallakar ranki ba, domin ke kanki ba ki mallake shi ba, amana ce a hannunki. Malamai sun yi bayani cewa mace tana fita ba da izini ba idan gobara ta tashi ko gini zai rufta mata. To jinin da ya ɓalle wa mai ciki da tsakar dare, da me ya fi gobara sauƙi? Kuma mu yi wa mazanmu adalci: mafi yawansu da za a same su a waya, abin da mijin waccan baiwar Allah ya faɗa shi za su faɗa. Sau da yawa mu mata ne, uwar miji ko gwaggo ko uwargida, muke tsayawa mu ce "sai ya dawo", muna ganin mutunta shi muke yi.

Maganin wannan mai sauƙi ne, kuma ba ya cin ko kwabo. Tun ciki yana wata shida ko bakwai, ki sami lokacin da ransa ke sanyi, ki ce, "Maigida, haihuwa ba ta sallama. In abu ya taso ba ka nan, ka yarje mini a kai ni asibiti? In likita ya ce sai aiki, ka yarda in sa hannu?" In ya ce ya yarda, ki roƙe shi ya maimaita a gaban mahaifiyarsa da wanda yake bar wa gida in zai yi tafiya. Wannan izini ɗaya ya ɗauke wa kowa nauyi. In kika ga yana ja da baya, kada ki yi musu, ki lallaɓa shi ya raka ki awo ko sau ɗaya ya ji daga bakin likita, ko ki sa wani malami da yake jin maganarsa ya zauna da shi.

Idan ba kya cikin hayyacinki

Wani lokaci mace ba ta iya cewa komai. Jijjiga ta kama ta saboda hawan jini, ko jini ya zuba har ta suma. A nan addini da doka sun haɗu a kan abu ɗaya: ceton rai ba ya jiran izini. Hukuncin Jidda na 1992 ya faɗi haka a sarari, cewa a halin gaggawa da rai ke cikin haɗari ba a dakatar da magani don jiran yardar kowa. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 kuma ya hana duk wani asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa yana fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Na sani, kin sani, abin da ke rubuce daban, abin da ake tararwa a bakin ƙofar asibiti daban. Amma mai rakiyar da ta san dokar ta fi wadda ba ta sani ba ƙarfin gwiwar cewa a kira babban likita.

Dalilin wannan gaggawa lissafi ne na awoyi. Jinin da ke zuba bayan haihuwa yana iya kashe lafiyayyar mace cikin awa 2 in ba a tsayar da shi ba. Doguwar naƙuda takan ɗauki kwanaki, amma ɓarnar da take yi tun kafin nan take farawa: kan ɗa yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Yoyon fitsari ke nan, wanda ya cika cibiyar Babbar Ruga a Katsina da ta Laure a asibitin Murtala na Kano da 'yan'uwanmu, da yawansu an sake su. Za ki ji ana cewa aikin da aka yi mata ne ya jawo. Akan samu wanda kuskuren tiyata ya haifar, ba a musun wannan, amma mafi yawa jinkirin da aka yi kafin aikin ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma haihuwa 3 kacal cikin 100 ake yi ta hanyar tiyata. Wannan adadi ya yi ƙasa ƙwarai da yawan matan da ke buƙatar aikin, ma'ana da yawa ba sa samu, ko ba sa kaiwa.

Idan ke ce kika ƙi

Yanzu bari mu juyo kanmu, don ba kullum laifin na wasu ba ne. Akwai wadda likita zai ce sai aiki, miji ya yarda, uwa ta yarda, ita ce za ta kafe. Me ya sa? Kada kishiya ta yi mata gori ta ce raguwa ce ba ta iya haihuwa da kanta. Kada dangin miji su ce ta cika cin kuɗi. Wata kuma an tsorata ta cewa wadda aka yi wa aiki ba ta wuce haihuwa uku. Sai ta sulale daga asibiti ta koma gida a ci gaba da jiƙe-jiƙe, wani wurin ma a kira wanzami ko ungozoma a yi mata yankan gishiri.

A dokar ƙasa, in kina cikin hankalinki kika ƙi, likita ba zai ɗaure ki ya yi miki dole ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2001 a shari'ar likita Okonkwo. Wata mai jego ce, mabiyiyar Shaidun Jehobah, ta ƙi a ƙara mata jini saboda aƙidarta, likitan ya mutunta zaɓinta, ta rasu, kuma kotu ta wanke shi. Amma a 2019, a shari'ar Esabunor, kotun ta ce wannan dama ba ta kai ga iyaye su hana a ceci ɗansu ba. Jariri ne aka ƙara wa jini da umarnin kotu duk da mahaifiyarsa ta ƙi, kuma Kotun Ƙoli ta ce daidai aka yi.

A wajen Allah kuwa lissafin ya fi haka tsanani. Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya hana mu jefa kanmu cikin halaka, kuma mai ciki ba ranta kaɗai take riƙe da shi ba. Majalisar Fiƙihu a zamanta na Sharja a 2009 ta ce idan aikin ciro ɗa ya zama dole don ceton uwa ko ɗa ko su biyun, sai ma'auratan ko ɗayansu ya ƙi, ba a la'akari da wannan ƙin, ikon ya koma hannun hukuma, bisa sharuɗɗa da suka haɗa da tabbatarwar ƙwararrun likitoci. A ƙasarmu ba a aiki da wannan a asibiti, amma ya ishe ki gane nauyin abin: ƙin da doka ta ƙyale ki ki yi, yana iya zama zunubi. Wallahi gorin kishiya bai kai a tsaya gaban Allah da alhakin jariri ba.

Ba ina cewa tiyata wasa ba ce. Tana da haɗarinta, ciwon yakan ɗauki makonni, kuma yawan maimaita ta yana ƙara haɗari a ciki na gaba. Kina da damar ki tambayi dalili, in kuma ba gaggawa ba ce ki nemi ra'ayin wani likitan. Mata da yawa da aka yi wa aiki sau ɗaya sun haihu da kansu daga baya, sai dai sharaɗin shi ne a ba da tazara kamar ta shekara 2, kuma haihuwar ta kasance a asibitin da ke da ɗakin tiyata, domin tabon mahaifa yana iya buɗewa. Addu'a kuma ba a barin ta, ki sha rubutunki in kina sha, amma ki sha shi a kan hanyar asibiti.

Jini da likita namiji

Abu biyu ne suka saba tsayar da mutane bayan an gama da maganar sa hannu. Na farko jini. Ƙarin jini halal ne idan akwai buƙata, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta bayyana a 1989 cewa jini ba ya haramta aure kamar yadda shayarwa ke yi. Saboda haka mijin da ya ba da jini saboda matarsa bai zama ɗan'uwanta ba, aurensu yana nan daram. Sai dai likitoci sun fi son kada a sa wa matar da ke kan haihuwa jinin mijinta kai tsaye, don jikinta yana iya ƙirƙiro abin da zai yaƙi jinin ɗan da za ta ɗauka nan gaba. Akan karɓi nasa a ajiye, a ba ta wani da ya dace da ita. In kin ga an yi haka, ba cuta aka yi muku ba.

Na biyu likita namiji. Malamai a zaman Brunei na 1993 sun jero abin bi da bi: a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace amintacciya ko da ba Musulma ba ce, in babu sai namiji Musulmi, in babu sai wanda aka samu. A buɗe iya wurin da lalura ta sa, kuma a samu miji ko muharrami ko wata amintacciyar mace a wurin. A ranar awo kina iya neman mace, haƙƙinki ne. Da ƙarfe biyun dare kuwa, wanda ke bakin aiki shi ne wanda aka samu. Wannan ma ya isa ya sa mu bar 'ya'yanmu mata su yi karatun likita da na ungozoma, don ba ya yiwuwa mu hana su karatu sannan mu ce sai mace za ta duba mu.

Kafin watanki ya tsaya

A awonki na gaba, kada ki tsaya a gwajin fitsari da karɓar magani kawai. Ki tambayi malamar asibiti yadda ɗan yake kwance, ko jininki ya isa, ko akwai abin da suka gani da zai iya kai wa ga aiki. Ki tambaya ko suna tiyata da dare, in ba sa yi ina suke turawa. A watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin yi wa mata masu ƙaramin ƙarfi aikin ciro ɗa kyauta a asibitocin da aka ware, saboda haka ki tambaya ko naku yana ciki da abin da ake buƙata don shiga, tun kafin ranar ta zo. Ki roƙi a nuna miki takardar amincewar ki gan ta da idonki, a karanta miki ita yau da kike zaune lafiya, domin ranar naƙuda ba ranar karatu ba ce.

A bayan katin awonki ki sa a rubuta lambar maigida, da ta wani na biyu da ya amince ya tsaya a madadinsa, da ta mai mota ko mai Keke Napep ɗin da zai tashi in an buga masa da dare, da sunayen mutum biyu cikin dangi da suka yarda za su ba da jini. Kuɗin adashin da kika ware wa kayan suna, ki cire wani abu daga ciki ki ɗaure daban, kada a taɓa. Katin kuma ya kwana a cikin jakar kayan haihuwa, inda duk wanda ke gidan ya san wurin.

Ke kuma da kika wuce haihuwa, mai yiwuwa ke ce za ki yi rakiya, ko a matsayin uwa, ko uwar miji, ko uwargida. In aka miƙo takarda aka rasa mai sa hannu, ki matsa kusa da mai naƙudar, ki kira sunanta, ki gaya mata abin da likita ya ce da harshen da za ta gane, ki tambaye ta ko ta yarda. In ta ce ta yarda, ki riƙe mata takardar ta dangwala, ke kuma ki sa naki a layin shaida.